Rijiya ta Bakwai

Asibitin masu tarin fuka, Iloilo
4 ga Fabrairu, 1968

Inday Nating,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ne kawunki Tiyoy Cleto, Anacleto Gepulla in kin manta, wanda uwata da kakarki suka tashi ɗaki ɗaya. Na san zumuncin ya yi nisa, amma bai tsinke ba, don da kafaɗata ta hagu na ɗauki akwatin gawar mahaifiyarki, malamar makaranta Maestra Luming.

Likita ya ce jikina da sauƙi. Ni dai na san jini nake tofarwa kullum safe. Wata biyar ina kwance, ana ɗura mini kunun shinkafa ba gishiri. Kada takardar nan ta ba ki tsoro, Sista tana bin kowace wasiƙa da dutsen guga don kashe cutar kafin ta fita. Rubutun kuma ki yi haƙuri da shi. Aji biyu na yi a duniya, sauran baƙaƙen a jikin injin jan ruwa na koye su.

Ga abin da ya sa na dame ki. An ce majalisar garinmu Panaslan ta yi sabuwar doka, wai ba a ƙara wa ɗan sanda girma sai ya kawo takardar gama sakandare ya zauna jarrabawa. An ce kuma ke ce kansilar da ke riƙe da kwamitin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. Da na ji sunanki sai na ce an yi ƙarya. Na sake tambaya, aka sake faɗa.

Ɗana Tikoy shekara goma sha tara da wata takwas yana sanye da kaki, ko igiya ɗaya babu a hannun rigarsa. Bai taɓa makara ba. Bai taɓa karɓar ko ƙwai ɗaya a kasuwa ba. Yaran da ya koya wa ɗaure takalmi yau su yake sara wa. Bana gurbin kofur ya faɗo, kowa ya san nasa ne, sai kuka tashi da takarda. Tikoy ba shi da takarda, kin sani, duk Panaslan ta sani. Shekarunsa arba'in da ɗaya. Ya koma ya zauna benci ɗaya da 'ya'yansa ke nan?

Ni ban damu da kaina ba. Shekara talatin da ɗaya ina shugaban kwana-kwana, ranar da aka ɗauko ni zuwa nan ko ƙararrawar ofis ba a kaɗa mini ba. Ban yi ƙorafi ba. Na ji kun ɗauko wani mai littafi daga Manila ya horar da yarana. Madalla. Ki tambaye shi a shafi na nawa aka rubuta cewa koginmu bawan teku ne, in ta cika ya cika, in ta janye ya bar taɓo.

Inday, ban taɓa roƙon kowa ba. Ina so in ga igiyar nan a hannun Tikoy kafin a rufe mini fuska. Likita ba ya faɗa, amma na ga yadda yake wuce gadona da sauri.

Tiyoy Cleto


Panaslan
19 ga Fabrairu

Tiyoy,

Na karɓi wasiƙarka, na sumbaci hannunka daga nesa. Ban manta da kai ba, kuma ban manta wanda ya ɗauki gawar Nanay, mahaifiyata, ba. Muna lafiya, sai ƙaramin da ya yi ƙyanda, ya warke. Na aika maka da zuma da ayaba ta hannun direban motar Iloilo. Ka daure ka riƙa cin abin da suka ba ka.

Gaskiya ne an yi dokar, kuma na ɗaga hannu. Kai ka fi ni sanin yadda ake ba da igiya a garin nan. Wanda ya riƙe wa magajin gari zakara a wajen faɗan zakaru ranar Lahadi, shi ne saje ranar Litinin. Dole a sami ma'auni, Tiyoy, ko da ma'aunin bai yi wa kowa daidai ba.

Maganar yayana Manong Tikoy kuwa, ba zan rubuta komai a takarda ba. Iyakar abin da zan ce: ya tsaya inda aka ajiye shi. Kada ya motsa, kada ya nemi komai. Kai ma ina roƙonka kada ka rubuta wa magajin gari ko wani kansila, kuma kada ka yi zancen da mutanen ɗakinku.

Yanzu ni ce mai roƙo. Laftanar Abrenica, wanda ka kira mai littafi, ba mugun mutum ba ne. Ya koya wa yaran hawa tsani da ɗaure mesa, har sun daina gudu da silifas. Amma ranar Asabar ya fitar da su gwaji bakin kogi da rana tsaka, teku ta janye, injin ya zuƙi taɓo ya shaƙe. Masu sayar da kifi suka yi ta dariya. Wata ta ce, "Laftana, ka dawo ƙarfe huɗu, kogin ya tafi cin abinci!" Da ya tambayi inda kuke samun ruwa in haka ta faru, sai tsofaffi suka ce akwai rijiyoyi bakwai da ka haƙa bayan babbar gobarar shekarar talatin da tara, aka rufe su da katako da yashi saboda yara. Waɗanda kuka haƙa tare duk sun mutu, gari kuma ya hau kan wuraren. Ba wanda ya san inda suke sai kai da Manong Tikoy.

Na tare shi a bakin ofis na ce, "Manong, ina rijiyoyin?" Ya cire hula ya yi ta juya ta a hannu. Ya ce, "Inday, kafin a tafi da Tatay asibiti ya sa na ɗora hannu a kabarin uwata na rantse ba zan faɗa ba. Sai shi ya kwance ni."

Ka kwance shi, Tiyoy. Rani ya shigo, rufin gidaje ya bushe ƙamas.

'Yarka,
Nating


Iloilo
2 ga Maris

Kansila,

Ina gaishe ki. Zumar ta iso, na ba mutumin gadon kusa da ni. Tari ya ƙaru, ba damuwarki ba ce.

Na karanta wasiƙarki sau huɗu da yatsa, don kada in zalunce ki. "Ya tsaya inda aka ajiye shi." To, na ji. Shekara ashirin yana tsaye inda aka ajiye shi kamar turken ɓauna, yanzu 'yar Maestra ta ce ya ci gaba da tsayuwa. Kada ya motsa, kada ya nemi komai, ni kuma in rufe bakina kada in ba ki kunya a gaban manya. Mu marasa takarda mu san matsayinmu ke nan. Amma rijiya, wannan kam a kawo da sauri, tunda littafin Manila ba ya tsatso da ruwa.

Kin san yadda aka haƙa rijiyoyin nan? Wata goma sha ɗaya, da diga da kwandon gora. Majalisar wancan lokaci ta ce haukan Cleto ne, ko farantin shinkafa ba ta ba mu ba. Ta huɗu ta rufta da ni har wuya. Tikoy yana ɗan shekara goma sha biyu, shi ake zurawa da igiya don shi ne siriri. Yau an tambaye shi takarda.

Ranar Lahadi ya zo da busasshen kifi. Ya zauna a bakin gado, sai da lokacin tashi ya yi ya ce, "Tay, ka ba su rijiyoyin." Na ce, "Kai ma sun saye ka?" Ya ce, "Tay, ka yi haƙuri zuwa farkon damina." Na ce, "Ni zan kai farkon damina? Dubi ƙyallen nan!" Na nuna masa jinin. Na ce ya ɗauki kifinsa ya fita. Ya bar kifin ya fita.

Ni ba azzalumi ba ne, zan ba ku shida. Ta ɗaya tana bayan coci, taku tara daga ƙofar da ake fitar da gawa, wajen faɗuwar rana. Ta biyu a gindin mangwaron gidan Tronco, in ba su sare shi ba. Ta uku da ta huɗu suna layin maƙera, ɗaya kowane ƙarshe, ku nemi dutsen da na sassaƙa wa gicciye. Ta biyar ƙarƙashin rumfar da ake jiran mota. Ta shida a unguwar masunta, inda ake shanya taru, ruwanta da gishiri amma wuta ba ta tambaya. Ku tona kamu biyu za ku ji katako.

Ta bakwai ita ce babba, ita ke tsare kasuwa da duk layin da ke bayanta. Tana nan cikin kaina. Ranar da aka ɗinka wa Tikoy igiya, ranar za ku ji inda take. Rantsuwarsa kuma tana nan, ban kwance ba.

Anacleto Gepulla


Panaslan
21 ga Maris

Tiyoy,

Ina fatan tarin ya lafa. Mu lafiya.

Ka yi wa maganata fassarar da ban nufa ba. Wallahi ba raini ba ne. Akwai abin da takarda ba ta ɗauka a garin da mai gidan waya surukin magajin gari ne. Na so in zo da kaina, likitanku ya ce mai goyo ba ta shiga ɗakinku. Ka yarda da ni na wata biyu da 'yan kwanaki kawai.

An sami shidan duka. Laftanar Abrenica da ya ga ta bayan coci, ya durƙusa ya taɓa ginin dutsen ya ce, "Wane injiniya ne ya yi wannan?" Yaran suka ce, "Injiniya mai aji biyu." Yanzu kowace Asabar a kansu suke gwaji. Amma ya auna, mesar da muke da ita ba ta kaiwa kasuwa daga ko ɗaya. Sun yi ta caka ƙarfe a ƙasa kwana uku ba su sami ta bakwai ba.

Bikin waliyyin gari ashirin da bakwai ga Afrilu ne. Ka san yadda kasuwa take zama, kowace rumfa da kaskon suya. Ka rubuto layi ɗaya, Tiyoy. Ko ka aika wa Manong kalma ɗaya cewa ka kwance shi.

Nating


Iloilo
29 ga Afrilu

Inday Nating,

Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba, ki yafe. Ina raye.

Jiya matar wani mara lafiya ta zo daga wajen garinmu, tana ba mijinta labari ina ji, wai kasuwar Panaslan ta ci wuta ranar biki da rana tsaka. Na ce wace unguwa, ta ce ba ta sani ba, hayaƙi ta gani daga mota. Na ce an mutu? Ta ce an ce an kwashi wani ɗan sanda a kan ƙyaure.

Jiya Lahadi ce, ranar zuwan Tikoy. Tun ranar da na kore shi bai fasa zuwa ba, yana ajiye kifi wajen Sista ya koma don na ce kada a shigo da shi. Jiya bai zo ba.

Wasiƙarki ta Maris tana ƙarƙashin matashina. Na karɓe ta, kada ki ɗora wa gidan waya laifi. Na ce bari ku ji a jikinku tukuna. Na lissafa kwanan wata a yatsu yanzu, ranar bikin da tsakar rana teku a janye take.

Na nemi takalmina in taho, Sista ta ɓoye su. Na kai bakin ƙofa ba takalmi na faɗi.

Tana bayan rumfar faɗan zakaru, inda ake zubar da gashin kaji, taku shida daga ginshiƙin arewa. Ga ta nan, na faɗa. Na kwance shi. Ki gaya masa na kwance shi.

Inday, ɗana ne a kan ƙyauren? Ki buga waya ofishin asibitin, kada ki jira takarda.

Cleto


Panaslan
6 ga Mayu

Tiyoy,

Na buga waya sau biyu layin bai shiga ba, na tura saƙo ta direba, ina fatan ya iso. Manong Tikoy yana da rai. Hannuwansa biyu sun ƙone har gwiwar hannu, hayaƙi ya sumar da shi, amma ya farfaɗo. Ba wanda ya mutu. Gida ashirin da uku da rabin kasuwa sun tafi.

Daga kaskon mai suyar ayaba ta tashi, wajen sha biyu da rabi. Yaran sun iso cikin minti shida, jere, kowa ya san aikinsa, da ka gan su da ka ji daɗi. Ruwan tankin motar ya ƙare a minti huɗu. Kogi taɓo. Suka tsaya da mesa a hannu wuta tana tsallake rufi.

Ran nan an ajiye Manong shi kaɗai a ofis yana gadin ɗakin tsare mutane, sauran suna wajen jerin gwano. Mutum biyu ne a ciki, Dodoy mashayi da wani baƙo da aka kama da ɓaunar sata. Dodoy ne ya ba ni labari. Ya ce Manong ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon hayaƙin, ya shiga, ya fito, ya sake shiga. Sai ya ɗauko makulli ya ce, "Kun iya tono?" Dodoy ya ce, "Ni ko kabarin surukata ban tona ba." Manong ya ce, "Yau za ka koya." Ya fito da su da shebur biyu, suka yi bayan rumfar zakaru a guje. Rufin rumfar yana ci yana zubo musu a ka. Manong ya ɗaga katakon da hannunsa, zoben ƙarfen da ake kamawa a ɗaga shi ya riga ya yi ja. Da ruwan rijiyar aka tsayar da wutar a layin masu shinkafa, in ba haka ba da ta kai asibitin haihuwa. A cikin hayaniyar ɓarawon ɓaunar ya gudu.

Yanzu zan faɗa maka abin da na ƙi rubutawa, tunda ɓoyon bai da sauran amfani. A cikin dokar nan na cusa sashe na goma sha huɗu: duk ɗan sandan da ya cika shekara ashirin cur ba tuhuma ko ɗaya a fayil ɗinsa, za a ƙara masa girma ba takarda ba jarrabawa, kuma shi ne a gaba. An karanta shi ana gyangyaɗi, aka wuce. Manong zai cika ashirin ranar ɗaya ga Yuni. Magajin gari yana so ya ba yaronsa gurbin, wanda ya tsaya wa a matsayin uba a baftisma. Da sun farga, ɓatan maɓalli ɗaya ya isa su rubuta masa tuhuma. Shi ya sa na ce ya tsaya inda aka ajiye shi. Shi ya sa na ce ka yi shiru, don kai, Tiyoy, ka yafe ni, abin da ka sani da safe duk ɗakinku ya sani kafin azahar.

Manong ya san wannan. Tun Janairu na gaya masa. Ya sani lokacin da ya ɗauko makullin.

An shigar da tuhuma biyu, barin wurin aiki da sakin wanda ake tsare. Kwamiti zai zauna ashirin da uku ga wata. An ce in tashi daga kujera saboda dangantaka, Kansila Duran ne zai shugabanta.

Wasiƙarka mai faɗin inda rijiyar take ta iso ranar Alhamis, kwana biyar bayan gobarar.

Nating


Iloilo
12 ga Mayu

Inday, 'yata,

Allah Ya saka miki da alheri da kika ce yana da rai. Ni jikina ba a magana. Sun matsar da gadona kusa da ƙofa, na san ma'anar wannan, na ga waɗanda aka matsar kafin ni.

Kwana talatin da biyar. Na ƙirga daga ranar gobara zuwa ɗaya ga Yuni, na sake ƙirgawa ko zan sami kuskure. Kwana talatin da biyar ya rage masa, bayan shekara ashirin yana taka ƙasa a hankali. Da na rubuta miki layi ɗaya a Maris, da yaran Abrenica sun buɗe ta da kansu, shi yana zaune a bakin ƙofarsa.

Ki karanta wa kwamitin wannan, ko ki ba Duran ya karanta. Duran ya san ni, ni na fito da uwarsa ta taga a gobarar shekarar hamsin da biyu, in ya manta ki tuna masa. Ku rubuta tuhumar da sunana. Ni na ɓoye rijiyar gari. Ni na sa yaro rantsuwa a kan kabarin uwarsa. In akwai ɗauri a ɗaure ni, a kawo ankwa a sa mini a gadon nan, ba zan gudu ba. A cire sunana daga allon ofishin kwana-kwana. A karɓe hular tagullar da aka ba ni. Me kuma nake da shi? Ku faɗa in bayar.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, mahaifiyarki kaɗai ta sani. Tikoy shi ne na ɗaya a aji shida. Saura mako biyu jarrabawa na cire shi, don rijiya ta huɗu ta yi ƙunci babba ba ya shiga. Maestra Luming ta zo har bakin ramin da lemarta, ta ce, "Manong Cleto, mako biyu kawai. Na samo masa gurbi a sakandaren lardi, ba za ka biya komai ba." Na ce, "Maestra, takarda tana kashe wuta?" Mutane suka yi dariya, na ji daɗin dariyar. Tikoy yana cikin ramin yana ji. Aka jawo shi, tun ranar kuma bai cika magana ba.

Shekara ashirin da takwas ina cewa gari ne ya cuce shi. Na zagi magajin gari huɗu. Na zage ki. Ina so a ɗinka masa igiyar nan ne don in daina ganin lemar mahaifiyarki in na rufe ido.

Ki durƙusa musu a madadina, Inday. Ni gwiwata ba ta kai Panaslan.

Tiyoy


Panaslan
27 ga Mayu

Tiyoy,

Ina gaishe ka, ina yi maka addu'a kullum. Hannun Manong yana warkewa, na dama ya fi na hagu. Ba zai iya hawa mota ba tukuna.

An zauna. Zauren ya cika, mutanen layin shinkafa har kan taga. Na ba Kansila Duran wasiƙarka, ya karanta ta duka a fili, har wurin uwarsa da taga. Sai ya ce, "Rustico Gepulla, mahaifinka ya ce laifin nasa ne. Me ka ce?" Manong ya miƙe, hannu a naɗe, ya ce, "Yallaɓai, Tatay ba ya cikin jerin masu aiki ran nan. Ni aka ba makulli." Ma'ajin gari ya ce, "Ka san sashe na goma sha huɗu?" Ya ce ya sani. Ma'ajin ya ce, "In an sake, za ka sake barin wurin aikinka?" Na yi ta yi masa ido. Manong ya ce, "In teku a janye take, i."

Zauren ya ɗauki tafi, Duran ya buga tebur. 'Yan kwamiti suka shiga ciki minti arba'in.

Ba su kore shi ba, ba su rage masa albashi ba. Gargaɗi a rubuce kawai, kuma majalisa za ta ba shi takardar yabo. Amma gargaɗin ya shiga fayil. Lauyan gari ya ce shekara ashirin ɗin daga yau za a fara ƙirgawa. Na yi gardama har muryata ta dushe, aka ce ni na rubuta "ko ɗaya" da hannuna. Gaskiya ne, ni na rubuta. Ranar Litinin za a ɗinka wa yaron magajin gari igiyar kofur. Yana da takarda.

Laftanar Abrenica ya nemi a sa rijiyoyi da lissafin janyewar teku cikin horon kwana-kwana, a rubuce, kowane sabon ɗauka ya koya. Kwamiti ya amince. Manong ne zai riƙa koyarwa ranar Asabar, ba ƙarin komai. Yaran sun fara ce masa Maestro, wato malam, yana hana su.

Na tambaye shi saƙon da zan rubuta maka. Ya ce, "Ki gaya wa Tatay katakon murfin bai ruɓe ba ko kaɗan. Aikinsa mai kyau ne."

Nating


Iloilo
3 ga Yuni

Inday,

Na gaishe ki. Fensir yana yi mini nauyi, zan taƙaita.

Shekaranjiya ɗaya ga wata. Na juya fuska bango har yamma.

Ki ce wa mai littafin ya buɗe sabon shafi. Ba bakwai ba ne, takwas ne. Ta takwas lokacin yaƙin duniya muka haƙa, ni da mutum biyu da suka riga ni gidan gaskiya, Tikoy yana kan dutse wajen dangin uwarsa. Shi ma bai sani ba. Na riƙe ta ne don ko an ƙwace mini komai, a bar abu ɗaya da dole a zo a tambaye ni. Har ranar da nake cewa me kuma nake da shi, tana cikin kaina, ban faɗa ba. Ki ga irin mutumin da kike kira Tiyoy.

Tana makarantar firamare, bayan aji shida, taku huɗu daga gindin tsamiya wajen gabas. Ta fi ta bakwai zurfi, ba ta ƙafewa. Ita za ta tsare makaranta da gidajen malamai.

Kada a taɓa ta sai hannun Tikoy ya warke. Shi zai kai yaran, ya nuna musu inda za su tona, ya tsaya a sama. Kada a zura shi ciki.

Ba na neman komai a kanta. Babu ta tara.

Cleto